WAYAR BABA

Mai karatu, in ka ji na ce wayar Baba kada ka ɗauka salula nake nufi. Waya nake nufi ta ainihi, ta jan ƙarfe mai baƙar riga, irin wadda masu wayarin suke ja a cikin gini. Tsawonta mita 20 ne da ɗan ɗoriya, in an naɗe ta kuwa ba ta fi ƙullin zaren saƙa ba, tana shiga jakar hannuna har da sauran wuri. A kan irin wannan 'yar wayar na taɓa yi wa mahaifina laifin da sai da na shekara goma sha biyu sannan na san girmansa. Shi ya sa na ce yau bari in ajiye labaran soyayya da na kishiyoyi da kuka saba ji daga gare ni, in ba ku nawa na cikin gida.

Baba ma'aikacin lantarki ne a wata masaƙa da ke Sharaɗa, tun kafin ya auri Ummanmu. Wanda bai ga Kano ta wancan lokaci ba sai ya ce ƙari nake yi. Bompai ita ce uwa, tun zamanin Turawa take, can ake yin alewa da sabulu da man gyaɗa da kwanuka da takalman roba. Sharaɗa da Challawa ƙannenta ne, sai bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 kuɗin fetur ya shigo sannan suka bunƙasa. Sharaɗa har kashi uku aka yi ta, Challawa kuma ta yi suna da kamfanonin jimar fata a gefen kogi. Ni a 1990 aka haife ni, wutsiyar abin na tarar, amma duk da haka na ga lokacin da jiniyar kamfani ce agogon unguwarmu. Da ta yi kuka sai ka ga titi ya cika da kekuna da babura, waɗanda suka kwana aiki suna gaisawa da masu shiga na safe, masu koko da ƙosai da masu shayi suna ta ciniki a bakin ƙofa.

A wannan masaƙar ne Baba ya haɗu da wani Bature da ya zo kafa injuna, jininsu ya haɗu. Shi ne ya koya masa rediyon masu sha'awa. To, a nan sai na ɗan yi bayani, don na san da yawa ba su taɓa jin abin ba. Duk Bahaushe ya san gajeren zango. Kakanninmu sun saurari BBC da Hausa tun 1957, Muryar Jamus tun 1963, Muryar Amurka tun 1979, kowa ya iya murɗa akwati ya nemi mita 19 ko 25 ko 31. Amma wannan saurare ne kawai, su yi magana kai ka ji. Na su Baba kuwa kai ma kana da baki. A tsakankanin waɗancan manyan tashoshin an keɓe wasu 'yan lunguna, su mita 40 da 20 da 15 da 10, inda mutum daga ɗakinsa zai aika saƙo wani a wata ƙasa ya amsa masa. Ba kowa ne zai tashi kawai ya fara ba, sai da lasisin hukuma, a ba ka lambar kira wadda ba mai irinta a duniya. Ta 'yan Nijeriya da 5N take farawa, ta 'yan Nijar da 5U. Ba a ciniki a kai, ba a magana a dunƙule, kuma dole ka riƙa faɗar lambarka.

Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya bar wa Baba tasa rediyon, wata ƙatuwa mai nauyin buhun siminti, mai ƙarfin wat 100. Baba ya ja waya daga dalbejiyar tsakar gidanmu zuwa wani dogon bututu da ya kafa a kan soro. Da murya ana iya yi, amma shi ya fi son harshen Mos, wannan na ɗigo da ja, irin na 'yan tangaraho na da. In dare ya yi muna kwance sai mu riƙa jiyo tit-tit-tiit daga ɗakinsa har barci ya kwashe mu.

Nan fa unguwa ta samu abin faɗa. Masu mutunci suna ce masa Injiniya mai oba-oba. Marasa shi kuwa cewa suke da aljanu yake zance. A makarantar allo har 'yar mai aljanu an kira ni, na dawo gida ina kuka. Baba ya yi dariya ya ɗora ni a cinyarsa. Da yake sunan mahaifiyarsa na ci ba ya faɗar sunana, ya ce, “Uwata, zo ki ga aljanun.” Ya buɗe wani gwangwanin biskit cike da katuna, kowanne da hoton gari da tambarin gidan waya, wannan daga Jamus, wannan daga Japan, wannan daga Barazil. Al'adarsu ce in mutum biyu suka haɗu a iska sai kowa ya aika wa ɗan'uwansa kati, shaidar lallai an haɗu, da rana da lokaci da zango. Ni dai hotunan na kalla na tashi, kunyar abin kuwa ba ta bar raina ba.

Sannu a hankali abubuwa suka fara taɓarɓarewa. Tun tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 Naira ta fara faɗuwa, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Wutar NEPA ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake dafa tukunyar kamfani da shi ya yi wuya, ga atamfofin waje masu arha sun cika Kantin Kwari. Aikin da ake yi kashi uku ya koma biyu, ya koma ɗaya. A 2005, shekarar da aka sauya wa NEPA suna zuwa PHCN, aka sa wa masaƙar su Baba kwaɗo. Mutumin da yake riƙe da wutar injuna ɗaruruwa ya koma gyaran fanka da dutsen guga a ƙofar gida.

A 2009 na gama sakandare aka ɗaura mini aure. 'Yan'uwana mata kun san abin da ake nufi da kayan ɗaki a garin nan, kun san idon dangin miji. An yi mini gado da katifa da kujeru da jere na fita kunya, har ana santi. Ban tambayi inda kuɗin ya fito ba, amarya ina ruwanta. Da na zo gida bayan wata biyu na leƙa ɗakin Baba sai na ga teburinsa wayam. Na ce, “Baba, ina rediyonka?” Ya ce, “Ta tsufa Uwata, ga cin wuta.” Na ce to, a raina har da hamdala. Daga baya tsohon abokin nasa ya aiko masa da wata 'yar ƙarama ta hannun wani ɗan kasuwa, ba ta fi littafi biyu in an haɗa ba, ƙarfinta wat 5 kacal, da batirin babur take aiki. Ya ci gaba da ita a kan tsohuwar wayarsa ta dalbejiya.

Sai ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012. Duk wanda yake Kano ya san wannan rana, ba sai na tayar wa kowa da miki ba. Ina gida wankan haihuwar fari, muka ji ƙarar da ta girgiza gari, Bompai na cikin wuraren da abin ya fi shafa. Aka sa dokar hana fita, aka kafa shingaye ko'ina, kowa yana kallon maƙwabcinsa da wutsiyar ido. Wata mata da ta zo barka ta ja ni gefe ta ce, “Ke kuwa ku gaya wa Babanku ya sauke wayar nan, ana ta magana a kansa fa, wai da su wa yake oba-oba da tsakar dare?” Cikina ya ɗuri ruwa. Ban tsaya na yi shawara da kowa ba, washegari da Baba ya tafi masallaci na sa ƙanina ya hau dalbejiya ya yanko wayar, ya sauko da bututun, muka kira ɗan gwangwan ya auna ya ba mu 'yan canji.

Baba ya dawo ya ɗaga kai ya kalli sama, ya kalle ni da jaririya a hannu. Wallahi ko uffan bai ce ba. Ya shiga ɗaki ya naɗe 'yar rediyonsa a tsumma ya sa a ƙarƙashin gado. Tun daga ranar ba a sake jin tit-tit a gidanmu ba. Ni kuwa na ɗauka na yi abin kai, na ceci mahaifina.

A daminar 2024 ne Umma ta kira ni in taya ta neman wata takarda a cikin adakarta. Muna cikin tono sai ga gwangwanin biskit ɗin nan. A ƙarƙashin katunan na tarar da takardu iri biyu. Na farko rasiɗan sabunta lasisi ne, ashe duk shekarun nan da ba ya taɓa rediyon bai bari lasisinsa ya mutu ba, da kuɗin gyaran fanka yake biya. Na biyu rasit ne na wani kafinta, gado da kujeru, 2009. Umma ta dube ni ta ce, “Ke kin san da me aka yi miki ɗaki kuwa? Babbar rediyonsa ya sayar, ya hana ni gaya miki. Kwana uku bai ci abincin kirki ba.”

Kai jama'a! Ni mai rubuta wa mutane labarin butulci, ashe a gindina yake zaune. Na je na durƙusa gabansa ina kuka na ce, “Baba ka yafe mini.” Ya ce, “Haba Uwata, waya ce fa, nawa take? Tsoro ne ya sa ki, ni ma a lokacin na ji tsoron.” Na ce, “To me ya hana ka ɗaura wata da aka samu lafiya?” Ya yi shiru, can ya ce, “Na ga ba kya so ne.” Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A satin nan na shiga Sabon Gari na sayo waya sabuwa dal na kai masa. Amma ashe gyaran ɓarna ba ya zuwa da sauƙin yin ta. Dalbejiyar an sare ta tuni an yi ɗakunan haya a wurin. Muka rataya wayar a kan katanga ya kunna rediyon, ba abin da ke fitowa sai ƙara, shuuu kamar ana suya. Ya ce, “Kin ji? Gari ya cika da hayaniyar da kunne ba ya ji.” Ya bayyana mini cewa inbatar sola da cajojin waya masu arha da ƙwayayen fitila na zamani da janareto, kowannensu yana fitar da ƙura a cikin iska, saƙon da ya taso daga nesa a gajiye kuwa ba ya iya ratsa ta. A da gida ɗaya ne mai talabijin a layinmu, yanzu kowane ɗaki da caja uku. Ya ce dabara ɗaya ce, a yi eriyar tafi-da-gidanka, a fita da ita inda babu hayaniya.

A nan na ga Baban da na sani ina yarinya ya dawo. Ya ɗauko wani baƙin zobe irin na cikin kayan lantarki, ya naɗa masa siririyar wayar jan ƙarfe yana ƙirga zagayen da bakinsa, ya sa a cikin robar sabulu ya huda. Wannan shi ne mai shiga tsakani, shi yake daidaita rediyo da wayar, don in ba su jitu ba ƙarfin da ka tura komowa yake da baya ya gasa rediyon. Na ce, “To Baba, waya ɗaya ta yaya za ta yi zango huɗu?” Ya ce in ɗauko igiyar shanya, ya ɗaure bakinta a ƙusa ya ce in kaɗa a hankali. Ta yi doro ɗaya. Ya ce in ƙara sauri, ta yi doro biyu, da na ƙara ta yi uku. Ya ce, “To shi ke nan. Eriya rabin tsawon zango take so. Rabin 40 nawa ne?” Na ce 20. Ya ce, “A mita 40 wayarki doro ɗaya take yi, a mita 20 doro biyu, a mita 15 uku, a mita 10 huɗu. Zani ɗaya ne, ɗauri ne ya bambanta.”

Wajen daidaita tsawon kuwa sai da muka kusa yin faɗa. Akwai wani ɗan ma'auni da yake nuna ko ƙarfi yana komowa, ya nuna wayar ta yi tsawo kaɗan. Na ɗauko almakashi zan datse kamu guda, ya riƙe mini hannu. Ya ce, “Ke har yanzu saurin yanka ne da ke.” Muka kalli juna, shi ya fara dariya sannan ni. Ya ce tela mai hankali kalmasa yake yi, in ka kalmashe ka ga ya yi yawa sai ka warware, in ka yanke kuwa sai dai ƙari da kulli. Haka muka riƙa lanƙwasa bakin wayar ɗan yatsa-ɗan yatsa har allurar ma'aunin ta kwanta.

Fitarmu ta farko Bompai muka nufa a A Daidaita Sahu, wata Lahadi, da rediyo da batir da waya duk a jakata. Ba mu yi minti goma ba muka juyo. Kamfanonin da suka rage suna aiki da manyan janareto, ga manyan layukan wuta sun gitta ko'ina. Baba ya ce ko kyauta aka ba shi wurin ba zai jefa waya ba, don in ta taɓa babban layi ba a ma kai mutum asibiti. Mai karatu ka riƙe wannan ko da eriyar talabijin za ka ɗaura: ka fara ɗaga kai ka duba falwaya kafin komai. Haka in hadari ya haɗo a sauke waya a naɗe, tsawa ba ta san sabo ba.

Ta biyu muka je Challawa, muka samu wata bishiya nesa da layin wuta. Nan kam rediyon ta ji duniya, muryoyi suna ta shigowa da harsuna iri-iri. Sai dai warin ruwan jima da iska ke kwasowa ya tayar wa Baba da tari, ga mutane sun fara taruwa suna kallonmu suna ƙus-ƙus. Na ji tsohon tsoron nan yana taso mini, amma wannan karon sai na buɗe jaka na fito da lasisinsa na nuna wa dattijon cikinsu, na yi masa bayani da bakina. Ya ce, “Ikon Allah, to Allah ya ba da sa'a.” Baba yana gefe yana kallona bai ce komai ba.

Ta uku shi da kansa ya ce, “Mu je Sharaɗa.” Cikin watan Disamba ne na 2024, hazo ya sauko. Rabonsa da ƙofar masaƙar nan tun da aka rufe ta. Maigadin da ya leƙo ta 'yar taga ashe tsohon mai tuƙa injin saƙa ne, da ya gane shi sai ya wangale ƙofa yana cewa, “Injiniya! Kai ne? Ashe rai kan ga rai!” Baba ya gaya masa abin da ya kawo mu, ya kira wanda yake kula da wurin a waya aka ce mu shiga. Ciyawa ta bushe har gwiwa, rufin kwano ya yaye, tattabaru sun yi gida a inda injuna suke. Amma dalbejiyoyin da aka dasa a bakin ofis sun zama manya-manya.

Hannun Baba yanzu yana rawa, don haka jifa aikina ne. Na ɗaura zare a wuyan robar ruwa mai rabin ruwa a ciki, na wulwula na saki. Na farko ta dawo ta kusa fasa mini kai, maigadi yana ta dariya. A na huɗu ta haye wani reshe mai tsayi ta sauko ta ɗaya gefen. Muka ɗaura bakin wayar muka ja ta sama, ɗaya bakin ya gangaro zuwa robar sabulu a kusa da tabarma. Da na taɓa ƙarfen jikinta sai ta ɗan tsikare ni, Baba ya ce busasshiyar iskar hunturu ce take tara wuta a jikin waya, kamar yadda mayafi yake yi wa gashi.

Ya kunna. Mai karatu, shiru tsit, sai 'yan tit-tit suna fitowa tar kamar a ɗaki ɗaya muke da su. Baba ya daɗe yana saurare kafin ya ce, “Uwata, kin ji shirun nan? Da injunan nan suna aiki da ba mu ji komai ba.” Ya dubi ginin ya ce, “Da dai a ce suna aikin, ni in rasa jin.” Maigadi ya sunkuyar da kai.

Ya koma mita 15, ya ce lokacinta ne, da rana take tafiya, mita 40 kuwa sai dare ya yi take nisa. Saƙon ba miƙewa yake ya tafi ba, sama yake hawa kamar kilomita 300, a can akwai wani rufin iska da hasken rana yake caja, sai ya karyo shi ya dawo ƙasa a wata nahiya. Ƙarfin wannan rufin yana hawa yana sauka duk kamar shekara 11, a watan Oktoba na 2024 kuwa masana a Amurka suka ba da sanarwar rana ta kai ganiyarta. Ka ga ashe mun zo a kan gaɓa.

Maɓallinsa na Mos da guntun zarto ya yi shi. Ya ɗora yatsu ya fara buga CQ, wato kiran duk mai ji, ya bi da lambarsa. Na farko shiru. Na biyu shiru. Ina kallon yatsun nan suna rawa ina addu'a a zuci, don na san in ba a amsa ba ni ce sila. A na uku sai ga wata 'yar murya siririya ta dawo da lambar Baba. Ya ɗago ya kalle ni, ya ce in rubuta. Mutumin Italiya ne, fiye da kilomita 3,000 daga inda muke zaune. Ya ba Baba maki 559, ma'ana yana fahimtarsa sarai, ƙarfinsa matsakaici, sautinsa kuma tas. Baba ya gaya masa wat 5 ne da waya a kan bishiya. Mutumin ya ce a maimaita masa, shi da wat 100 yake. Suka rufe da 73, gaisuwarsu ta ban kwana.

Ai kafin ya ɗauke hannu sai kira ya ɓarke kamar an watsa wa kaji tsaba. Ashe masu wannan harka a Nijeriya ba su da yawa, don haka lambar 5N abin nema ce a wurinsu. Ina ta rubutu a bayan littafin da nake tsara sabon labarina, Jamus, Faransa, Sifen, kafin magariba har da wani daga Barazil. Maigadi ya riƙe baki ya ce, “Injiniya, da wannan ɗan abin? Ko fitilar ɗakina ta fi shi cin wuta.” Baba ya ce, “Malam, ƙaramin goro ai ya fi babban dutse.”

A hanyar komawa na tambaye shi ko yana kewar babbar. Ya ce da farko ya yi. Amma wat 100 ninki 20 ne na wat 5, a kunnen mai saurare kuwa bambancin bai wuce hawa biyu a ma'auninsa mai hawa tara ba. Ya ce mai babbar rediyo yana iya yin sakaci ƙarfi ya rufa masa asiri, mai ƙarama kuwa dole wayarsa ta zama daidai, ya san lokacin da zai kira, kuma ya fi yawan saurare a kan magana. Ya ba ni labarin yadda a 1912 aka yi doka a Amurka aka tura masu sha'awa zangon da bai kai mita 200 ba, don a ganin masana na lokacin juji ne ba ya zuwa ko'ina. Sai ga shi a Nuwamba 1923 wani Bafaranshe mai suna Leon Deloy da wani Ba'amurke Fred Schnell sun yi musayar saƙo ta kan teku a wannan jujin. Gajeren zangon da muke jin labarai da shi ke nan.

Maigidana da na ba shi labari cewa ya yi, “To ina amfanin wannan wahala ga WhatsApp?” Ban ga laifinsa ba, ni ma na taɓa faɗar abin da ya fi haka. Na dai tuna masa ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, muka wuni tiransifa ba ta tafiya. Tsakanin Baba da mutumin Italiya babu kamfani, babu data, babu dogon ƙarfen sabis, daga batir sai waya sai ikon Allah. Shi ya sa a girgizar ƙasar Nepal ta 2015 irin su Baba suna cikin waɗanda suka taimaka da isar da saƙo. Amma gaskiya ko babu wannan amfanin, ni ganin fuskar Baba a ranar nan ya ishe ni.

Ni kaina na ɗauki darasi a sana'ata. Na sha yin ƙorafi cewa ba ni da kuɗin buga littafi da yawa, ba ni da mai tallata ni, masu karatu sun koma waya. Yanzu in ƙorafin ya taso sai in tambayi kaina, shin rubutun nawa ya daidaita, ko dai ihu nake so in yi? Na saurari mutanen da nake rubutu a kansu kuwa?

Amma babban abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ke 'yar'uwata, da kai ɗan'uwana, da kuke da tsoho a gida. Kamfanonin nan da suka mutu ba injuna kaɗai suka bari ba, sun bar dubban iyayenmu a zaune a ƙofar gida da ilimi a ka ba mai tambayarsu. Wani tattabaru yake kiwo, wani tsofaffin agoguna yake kwancewa, wani rediyo ce a kunnensa dare da rana, mu kuma muna cewa tsufa ne ko ɓata lokaci. Kafin ki sa hannu ki kawar da abin da kike ganin tarkace ne, ki zauna ki tambaye shi mene ne. Iyayenmu ba su iya cewa an ɓata musu ba, shiru kawai suke yi, ni sai da na yi shekara goma sha biyu ina ɗaukar shirun Baba a matsayin yarda.

Yanzu duk Lahadin da jikinsa ya yi daɗi muna zuwa Sharaɗa. Kunnensa na hagu ya fara nauyi, wani lokacin sai an maimaita masa sau uku. Ni ba ni da lasisi, don haka ba na taɓa maɓallin, nawa jifa da rubutu. Amma na fara koyon Mos a wurinsa, harafi biyu kowane sati, zuwa yau na riƙe goma sha huɗu, kuma na ce masa in na iya zan nemi tawa lambar. Jaririyar nan da ke hannuna ranar da aka yanke wayar ita ce yanzu take riƙe mana zare, jifa ɗaya take yi ta haye reshe. Katin mutumin Italiya ya iso bayan wata huɗu, Baba ya ba ni ya ce in sa a gwangwani da hannuna.

Allah ya ba mu ikon kyautata wa iyayenmu tun suna raye. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.

Taku har kullum.